Furen dutse na Inyo da 'yan uwansa biyu: nazarin yadda ake raba tsirrai masu kama da juna

A watan Fabrairun 2022 wata masaniyar tsirrai, Maria Jesus, tare da ƙungiyoyi biyu masu rajin kare muhalli, Center for Biological Diversity da California Native Plant Society, suka shigar da takardar koke gaban hukumomin jihar Kalifoniya da na tarayyar Amurka. Buƙatarsu ita ce a saka wani ɗan tsiro cikin jerin halittun da doka ke karewa. Tsayinsa bai cika wuce taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi ba, furensa rawaya ne, kuma duk faɗin duniya ba ya fitowa sai a tsagogin duwatsu na kudancin tsaunukan Inyo, a gabashin Kalifoniya. Masana na kiransa Perityle inyoensis. A nan za mu riƙa ce masa furen dutse na Inyo.

Kafin hukuma ta duba haɗarin da tsiron ke ciki, akwai tambayar da dole a fara warwarewa: wanne ne shi, wanne ne ba shi ba? A tsaunukan da ke maƙwabtaka da shi, har ma a wani sashe na Inyo ɗin kanta, akwai 'yan uwansa biyu da in ka hango su a jikin dutse za ka rantse an tsaga kara. Ɗaya shi ne Perityle megalocephala, na Nebada. Ɗayan kuma Perityle villosa, na Hanaupah, sunan wani kwazazzabo a tsaunukan Panamint. Idan na Inyo reshe ne kawai na ɗan uwansa na Nebada, wanda ya bazu a tsaunuka da yawa, to koken ya rushe tun ba a je ko'ina ba. Idan kuwa nau'i ne mai zaman kansa, to duk abin da ya rage masa a duniya yana cikin wani ɗan yanki da wani kamfani ke neman zinariya a tsakiyarsa a lokacin koken.

Ƙasar da abin ya faru

Tsaunukan Inyo suna gabas da kwarin Owens, suna fuskantar tsaunukan Sierra Nevada da ƙololuwarta Whitney mai tsawon mita 4,421. Wannan katangar ta yamma ita ke tare hadarin da ke tasowa daga tekun Fasifik, sai ya zubar da ruwansa kafin ya ƙetaro, shi ya sa Inyo da duk abin da ke bayanta suke a bushe. Can gabas kuma kwarin Death Valley ne, inda ƙasa ta nutse mita 86 ƙasa da doron teku, kuma inda aka auna zafin digiri 56.7 a watan Yulin 1913. Tsarin yankin gaba ɗaya haka yake: dogon tsauni, sai faffaɗan kwari mai gishiri da zafi, sai wani dogon tsaunin. Tsiron da ya saba da sanyin sama ba ya iya sauka ya ratsa kwarin. Kowane tsauni ya zama tamkar tsibiri.

Furen dutse na Inyo yana zama ne daga kusan mita 1,800 zuwa sama, kuma yana da zaɓe: dutsen farar ƙasa yake so, irin wanda ake yin siminti da shi. A cikin tsagar dutsen yake kafa saiwa, gindinsa ya yi itace, kowace shekara ya fitar da sababbin rassa. Yakan yi fure a tsakiyar zafi, daga wajen Yuni zuwa Satumba, lokacin da yawancin furannin hamadar sun daɗe da bushewa. Wurare biyu ne suka fi fitowa a labarinsa. Na farko Cerro Gordo, tsohon garin masu haƙar azurfa da dalma tun 1865, wanda yanzu ya zama kufai. Na biyu Conglomerate Mesa, wani tudu mai faɗi da hanyar mota ba ta ratsa shi ba, ƙasar gado ta al'ummomin Shoshone da Paiute, wanda ke hannun hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya. A nan ne kamfanin K2 Gold na Kanada, ta hannun reshensa Mojave Precious Metals, ya yi haƙar gwaji a 2020 sannan ya nemi izinin faɗaɗa aikin. Dokar haƙar ma'adinai ta 1872, wadda har yau ke aiki, ta ba masu neman ma'adinai dama mai faɗi a irin wannan fili.

Matakin farko, wanda ba shi da wuya

Dukkansu 'yan dangin Asteraceae ne, babban dangin da shuwaka da latas suke ciki. Abin da ido ke gani kamar fure ɗaya a wannan dangi, a gaskiya tarin ƙananan furanni ne da suka cunkushe a kai guda. Wasu suna da dogayen ɓawo masu launi a gefen kan, wasu kuma babu, sai ƙananan furannin zalla, kamar yadda kan furen shuwaka yake. Ukun da muke magana a kansu duk na biyun ne: kai rawaya, babu ado a gefe.

Wannan kaɗai ya isa a fitar da wani ɗan uwan nasu, Perityle emoryi, daga lissafi, wanda shi ne aka fi cin karo da shi a hamadar yankin. Shi yana da fararen ɓawo a gefen kai, shekara ɗaya yake yi ya mutu, kuma bai damu da tsagar dutse ba. Ana samunsa har a Chile da Peru. Wata alamar da ke tabbatar wa mai bincike cewa yana gidan da ya dace, wato rukunin Perityle, ita ce bakin kowane ƙaramin fure ya rabu gida huɗu, alhali a yawancin dangin biyar ne. Ɗan tsiron kuma, wato ƙwayar irin, a baje yake, da kauri a gefensa. Duk wannan da gilashin ƙara girma na aljihu ake gani, cikin minti ɗaya.

Daga nan ne aikin ke tsananta, domin furen ya gama ba da abin da zai bayar. Girman kai da yawan ƙananan furannin da ke cikinsa sun shiga juna a nau'ukan uku. Wanda ya dogara da hoton fure don ya raba su ya ɓata lokacinsa.

Gashi, bakin ganye, da zaman ganye

Alamomi uku ne ke ɗauke da nauyin rarrabewar, kuma dukkansu a ganye da kara suke.

Gashi shi ne na farko. Na Inyo yana da gashi dogo mai laushi a kara da ganye, a ƙarƙashinsa kuma akwai gajerun gashi masu danƙo. Na Hanaupah ma haka yake, gashinsa dogo ne mai laushi. Na Nebada kuwa gashinsa gajere ne mai kaushi. Don haka gashi yana ware na Nebada gefe guda, amma ba ya cewa komai tsakanin sauran biyun.

Bakin ganye shi ke raba waɗannan biyun. Ganyen na Inyo, wanda tsawonsa ke tsakanin santimita 1 da 2, yana da faɗi, ya kusa zama da'ira ko mai kusurwa uku, kuma bakinsa a jere yake da haƙora irin na zarto. Na Hanaupah bakinsa sumul ne, in ma ya tsage bai wuce tsaga ɗaya zuwa uku ba, gajeru masu tsini. Na Nebada shi ma yawanci sumul ne ko mai 'yar tsaga marar tsari, kuma yana da wani reshe, oligophylla, mai ganye ƙanana, sirara, jefi-jefi, har tsiron ya yi kamar kara zalla. Na Nebada yakan kuma fi na Inyo tsayi, ya kai rabin mita.

Na uku shi ne yadda ganyen ke zaune a kara. A na Inyo sau da yawa biyu-biyu suke fitowa, suna fuskantar juna. A sauran biyun ɗaya-ɗaya ne, wannan a dama, na gaba a hagu. Wannan alamar ita ce mafi rauni a cikin ukun, don a jikin na Inyo ma ana samun masu zaman ɗaya-ɗaya, musamman can saman reshe kusa da fure. Wanda ya tsinko kan reshe kawai zai iya yanke hukuncin da tsiron gaba ɗaya zai ƙaryata.

Akwai ta huɗu da ake dubawa idan iri ya nuna: 'yan zaruruwan da ke kan ƙwayar. Na Inyo yawanci ba shi da su. Na Hanaupah wani lokaci babu, wani lokaci ɗaya ko biyu. Rashinsu bai tabbatar da komai ba, samunsu ne kawai ke karkatar da zato.

Idan aka haɗa su, furen dutse na Inyo shi ne mai dogon gashi mai laushi, da ganye mai haƙora, da ganyaye masu fuskantar juna a ƙasan kara. Babu ɗaya daga cikin alamomin ukun da shi kaɗai ya mallaka ta yadda za ta wadatar. Haɗuwarsu a jiki ɗaya ita ce shaidar. A ganina wannan ne abin da masu saurin yanke hukunci daga hoton waya suka fi kuskurewa: suna neman alama ɗaya tak mai raba gardama, alhali tsiron bai tanadi irinta ba.

A ɗakin bincike akwai ƙarin hujja, wato ƙirga kuromosom, 'yan sandunan da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayar jiki. Ginshiƙin lissafin wannan gida 17 ne, don haka tsiro na yau da kullum 34 yake da su. An ƙirga 34 a na Nebada, an kuma sami masu ninkinsa, 68. Na Inyo 36 ne. Na Hanaupah kuwa ya kai wajen 100, alamar cewa gadonsa ya ninka har sau shida. Wannan bambanci ne na gaske, kuma yana goyon bayan abin da ganye ya nuna. Sai dai ba ya amfanar wanda ke rataye a jikin dutse da littafi a hannu.

Inda alamomin ke rikicewa

Matsala ta farko ita ce tsiron kansa ba ya tsayawa a siffa ɗaya. Wanda ya fito a inuwar tsaga mai ɗan danshi ganyensa ya fi faɗi. Wanda rana ke duka a shekarar fari ganyensa ƙanƙancewa yake yi, haƙoran su ragu, wasu ganyayen ƙasa su zube, kuma su ne dai masu nuna zaman biyu-biyu. Rassan waɗannan tsirrai suna da saurin karyewa, don haka abin da ke isa ma'ajiyar busassun tsirrai sau da yawa guntaye ne. Ga shi kuma mai tarawa abin da hannunsa ya kai yake ɗauka, ba abin da ya fi wakiltar jama'ar tsiron ba. Tsohon samfurin da aka manna a takarda shekaru aru-aru zai iya ɗaukar suna ɗaya a hannun masani na farko, ya ɗauki wani a hannun na biyu, kuma kowannensu yana da hujja.

Ta biyu ta fi zurfi. A. Michael Powell na Jami'ar Sul Ross da ke Alpine a Tekzas, wanda ya yi wa wannan gida cikakken bita daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, ya gwada barbarar nau'uka daban-daban a gidan rainon tsirrai, kuma da yawansu suka haihu da juna. Ma'ana, abin da ya raba su a daji galibi nisa ne da kwari, ba wai jikinsu ya ƙi juna ba. Inda biyu suka kusanci juna, babu abin mamaki a ga masu siffar tsaka-tsaki. Haka kuwa aka gani: a wasu tuddai da ke gefen yankin na Inyo an sami tsirrai da siffarsu ta faɗa tsakaninsa da na Nebada.

Irin waɗannan su ne ainihin jarrabawar. Akwai hanya mai sauƙi da ke jan mutum, wato ya sa wa tsiro suna saboda wurin da aka same shi: an tsince shi a kudancin Inyo, to na Inyo ne. Wurin da nau'in dutsen hujja ne mai kyau, ba a raina su. Amma idan da wuri aka sa suna, sannan aka dawo aka zana taswirar yaɗuwar nau'in da waɗannan sunayen, to an yi zagaye ne kawai an dawo inda aka tashi. Kama da wane ba ta wane. Hanyar da ta fi tsafta ita ce a duba tsirrai da yawa a wuri guda, a karanta ganyen tsakiya da na ƙasan kara, a rubuta abin da aka gani kafin a kalli taswira, sannan wanda bai cika sharuɗɗan ba a ajiye shi gefe da alamar tambaya. Ajiyewar tana da tsada ta kowane ɓangare. In aka lissafa masu tsaka-tsakin cikin na Inyo, yankinsa ya faɗaɗa a takarda, haɗarin da yake ciki ya yi kamar ya ragu. In aka cire su, su kuma sun zauna babu suna, kuma abin da ba shi da suna doka ba ta san da shi ba.

Dalilin kamannin

Isaac Lichter-Marck da Bruce Baldwin na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun bi diddigin gadon halittar furannin dutse fiye da nau'i 70, suka wallafa sakamakon a 2020, da 2022, da 2023. Abin da suka gano shi ne kakannin waɗannan tsirrai ba a hamada suka faro ba. A busassun bangayen duwatsu suka zauna, cikin dazuzzukan Meziko masu zubar da ganye da rani. Tsagar dutse ba ta riƙe ruwa ko da a ƙasa mai damina, don haka sun riga sun koyi zama da ƙishirwa kafin hamadar Arewacin Amurka ta kafu, shekaru miliyan 5 zuwa 7 da suka wuce. Da hamadar ta buɗe, sai suka bi duwatsu suka bazu. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da Daniel Axelrod ya kawo tun 1972, cewa busasshiyar ƙasa a cikin yanki mai laima ita ce makarantar tsirran hamada.

A lissafin tarihin halittu wannan jiya-jiya ne. Nau'ukan ba su daɗe da rabuwa ba, kuma duk sana'a ɗaya suke yi, zaman tsagar dutse, don haka babu abin da ya tilasta musu sauya kama sosai. An kuma san cewa a zamanin ƙanƙara dazuzzukan tsaunukan wannan yanki sun sauko ƙasa sosai, sannan suka sake komawa sama da zafi ya dawo. Tsibiran nan na tsaunuka sun sha kusantar juna suna sake nisanta. Ina ganin mai neman iyaka tsararriya tsakanin 'ya'yan irin wannan tarihi yana neman abin da tarihin bai samar ba, ko da yake hakan bai mayar da su abu ɗaya ba.

Sunan da ya je ya dawo

George Bentham ne ya kafa gidan Perityle a 1844. A 1852 Asa Gray ya kafa wani gidan daban, Laphamia, don masu gindin itace da ke zaman duwatsu. A ƙarƙashinsa Sereno Watson ya bayyana na Nebada a 1873, Sidney Blake ya bayyana na Hanaupah a 1932 daga kwazazzabon da ke gangarowa daga ƙololuwar Telescope a tsaunukan Panamint, sannan Roxana Ferris ta Jami'ar Stanford ta bayyana na Inyo a 1958. A lura da tazarar: shekara 85 tsakanin na farko da na ƙarshe, a yankin da masana ba su daina zirga-zirga ba.

Shekara ɗaya bayan aikin Ferris, Lloyd Shinners ya narkar da Laphamia cikin Perityle, Powell kuma ya bi wannan tsari. Haka aka zauna har 2022, lokacin da binciken Lichter-Marck da Baldwin ya nuna cewa babban gidan Perityle ya haɗa zuriyoyin da ba kaka ɗaya ya tara su su kaɗai ba, suka farfaɗo da Laphamia. Dukkan ukun suka koma sunan da aka raɗa musu tun farko. Abin ya zo daidai da shekarar koken, shi ya sa takardun hukuma suke ɗauke da sunaye biyu, Perityle inyoensis da Laphamia inyoensis. Sauyin na sunan gida ne kawai. Matsayin na Inyo a matsayin nau'i mai zaman kansa bai motsa ba.

Abin da hukuma ta yanke

Dokar tarayya ta 1973 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tana da wata ƙa'ida da ta sa duk wannan ƙwaƙƙwafi ya zama dole. Ga dabbobi masu ƙashin baya, ana iya kare wani rukuni na musamman a wani yanki ko da nau'in yana da yawa a wani wuri. Ga tsirrai babu wannan ƙofar. Sai nau'i, ko reshen nau'i da masana suka amince da shi suka ba shi suna. Ba za a iya cewa a kare furannin dutsen Conglomerate Mesa don suna Conglomerate Mesa ba. Sai an nuna su wane ne.

A Agustan 2022 Hukumar Kifi da Namun Daji ta Kalifoniya ta karɓi koken, ta ba tsiron matsayin wanda ake nazari a kansa, matsayin da a dokar jihar yake zuwa da cikakkiyar kariya har a gama bincike. A Maris ɗin 2023 hukumar tarayya ta ce koken yana da hujjar da ta isa a zurfafa nazari. A Oktoban 2023 Kalifoniya ta saka furen dutse na Inyo cikin jerin masu fuskantar barazana. Cikin abubuwan da aka duba akwai ƙanƙantar yankinsa, da neman ma'adinai, da baƙin ciyayi masu mamaye wuri, da sauyin yanayi. Akwai kuma wani rauni na cikin gida: irin waɗannan tsirrai masu daɗewa ba sa yi wa kansu barbara, sai ƙwari sun ɗauko garin fure daga wani tsiron, don haka rukunin da aka rage masa yawa ko aka yanke shi daga maƙwabtansa yana iya tsayawa da ransa amma iri ya ƙaranta.

Hukuncin ya mayar da aikin rarrabewar daga ma'ajiyar jami'a zuwa bakin aiki. Duk wanda zai fasa hanya ko ya kafa injin haƙa a duwatsun farar ƙasa na kudancin Inyo, sai an fara tura masu bincike sun bi tsagogin. Kuma lokacin zuwan yana cikin sharaɗin ingancin aikin: da hunturu rassan a bushe suke, ganye ya zube, babu gashi ko haƙorin da za a karanta. Sai a tsakiyar zafi, tsiron na da ganye da fure, mai bincike zai iya rubuta na Inyo, ko na Nebada, ko tsaka-tsaki, ya kuma haɗa da hoton ganyen ƙasan kara da wani masanin zai iya dubawa ya amince ko ya musa.